Yadda Ake Auna Juyi da Fuskanta a Rawar Wals

Wata biyu muka yi ni da maiɗakina muna koyon wals a wani ƙaramin zauren taro a nan Garwa, ƙafarmu tana faɗuwa daidai da kiɗa, amma duk zagaye sai mun ƙare a jikin bango. Ranar da gwiwar hannunta ta daki ƙarfen taga har wurin ya kumbura, dattijon da ke koya mana, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Yawunde, ya kashe kiɗan ya ce da ni: "Ɗana, ƙafarka ta san kiɗa, ba ta san ɗaki ba." Daga nan ya ajiye maganar sababbin taku, ya sa muka yi mako uku muna koyon abu biyu kawai: ina ka fuskanta, kuma nawa ka juya. Su zan shimfiɗa a nan, don ma'auratan da ke son koyon wannan rawa a gida, da 'yan'uwa mata da ke koyo a tsakaninsu, da wanda zai fara shi kaɗai.

Wals ɗin da nake nufi ita ce mai tafiya a hankali, wadda waɗanda suka yi makarantar Faransanci suke ce wa bals. Bugu uku ne a kowace gaɓar kiɗa, gaɓa 28 zuwa 30 a minti ɗaya. Ma'aunin juyin da ake bi a yau malaman rawa na Ingila ne suka fara tsara shi, tun daga 1924 da ƙungiyarsu ta ISTD ta kafa sashen irin wannan rawa a Landan, da mutane irin su Josephine Bradley da Victor Silvester. Sunayen Hausa da za ka gani a ƙasa kuwa namu ne na zaure, mu muka laƙaba don mu fahimci juna.

Fara da ɗakin, kafin kiɗa

Ka kwashe kujeru da tabarmi, ka tsaya kusa da doguwar katangar falon, bango yana hannunka na dama, tsakiyar ɗaki tana hagu. Inda hancinka ya nufa shi ne hanyar rawa. Kowa a fili haka yake zagayawa, saɓanin tafiyar hannun agogo, kamar yadda motoci da babura ke zagaya shataletale a nan Kamaru. Wannan ba ya canzawa ko mutum biyu ne a ɗakin ko ɗari biyu.

Daga inda kake tsaye akwai fuska takwas. Huɗu a miƙe suke: hanyar rawa, bango, bayan hanya, tsakiya. Huɗu kuma a kaikaice, kowace tana tsakanin biyu daga cikin waɗancan. Biyu da za ka fi amfani da su su ne kaikaicen bango, wato tsakanin hanyar rawa da bango, da kaikaicen tsakiya, tsakanin hanyar rawa da tsakiyar ɗaki. Tazarar kowace fuska da mai bi mata ɗaya bisa takwas ne na cikakken juyi, digiri 45. Mu sumuni muke ce masa, kalmar da kowa ya sani daga rabon gado. Sumuni biyu rubu'i, huɗu rabi, takwas ka dawo inda ka fito. Da sumuni za mu yi ta lissafi har ƙarshe.

Idan ɗakinka yana da tayil mai murabba'i, wanda muke ce wa karo, ka huta da zane. Layin da ke tsakanin tayil da tayil shi ne fuskokin miƙe, layin da ya ratsa tayil ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne kaikaice, daidai wa daida. Idan siminti ne, nemi alli ka zana tauraro mai ƙafa takwas a ƙasa. Tsaya a tsakiyarsa, ƙafafu a haɗe, wani ya riƙa kira maka: "Kaikaicen bango! Sumuni uku dama! Ina ka ba wa baya?" Ka juya, ka amsa da baki. Minti biyar kullum na mako guda ya isa. Kada ka tsallake wannan don ganin kamar wasan yara ne, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake zaune.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: a ƙafa ake auna juyi. Kafaɗa za ta iya gaba ko ta makara, amma lissafin na yatsun ƙafa ne, daga inda suka nuna a wannan taku zuwa inda suka nuna a na gaba.

Juyin dama, taku shida

Namiji ya fara yana fuskantar kaikaicen bango, nauyinsa a ƙafar hagu. Taku na 1, ƙafar dama gaba, da dunduniya ake sauka sannan a mirgina kan yatsu. A nan jiki ya fara karkata dama, gefen hagu yana shigowa gaba, amma ita ƙafar a miƙe take tafiya, ba a murɗe ta. Taku na 2, ƙafar hagu gefe, a kan yatsu, kuma tsakanin 1 da 2 an juya sumuni biyu. Duba ƙasa sau ɗaya ka tabbatar: yanzu ka ba kaikaicen tsakiya baya. Taku na 3, dama ta haɗu da hagu, an ƙara sumuni ɗaya, ka ba hanyar rawa baya sosai, sannan dunduniya ta sauka a ƙarshen bugun. Jimla sumuni uku.

Rabi na biyu shi ne inda akasarin masu koyo suke ɓata lissafi, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Taku na 4, ƙafar hagu baya, a kan hanyar rawa. Taku na 5, ƙafar dama gefe, ɗan gajeren taku, kuma a nan ƙafar ita kaɗai take cinye sumuni ukun gaba ɗaya: yatsunta suna nuna kaikaicen tsakiya alhali ƙirjinka bai kai can ba tukuna. Sai a taku na 6, lokacin da hagu ke haɗuwa da dama, jiki yake ƙarasa juyin ya tarar da ƙafa. Ka ƙare kana fuskantar kaikaicen tsakiya. Taku shida, sumuni shida, wato uku bisa huɗu na cikakken juyi.

Me ya sa rabin farko aka raba shi biyu da ɗaya, na biyu kuma aka ba ƙafa ukun a lokaci guda? Ka tuna injin markaɗe ko dutsen niƙa mai juyawa: bakin waje yana yin tafiya mai nisa, na kusa da tsakiya kaɗan yake motsawa. Mai tafiya gaba shi ne a wajen juyi, hanyarsa ta fi tsawo, dole ya zagaya abokin rawarsa. Mai ja da baya shi ne a ciki, aikinsa ya buɗe ƙofa ya rage taku don na waje ya wuce. Idan na ciki ya yi dogon taku a gefe, ya gudu ya bar na waje, sai ka ga ana jan juna da hannu. Idan kuma ya juya ƙirjinsa gaba ɗaya tare da ƙafa a taku na 5, ya fizgo abokinsa kafin ya iso.

Takun mace madubin na namiji ne. Tana farawa da ba kaikaicen bango baya, ƙafar hagu baya, saboda haka ita ce a ciki a taku 1 zuwa 3: ƙafar damanta ta nuna hanyar rawa a taku na 2, jikinta ya ƙarasa a na 3. A taku 4 zuwa 6 ita ce mai zuwa gaba da ƙafar dama, kuma nan ne mata da yawa suke jin nauyin takawa da ƙarfi. Malaminmu kullum sai ya ce da maiɗakina: "'Yata, wannan ukun naki ne, ki tako kamar za ki wuce ta cikinsa." Gaskiya ya faɗa. Duk ranar da ta tako da ƙarfinta, sumuni ukun nan da kansu suke cika.

Daga dama zuwa hagu

Ka ƙare juyin dama kana kallon kaikaicen tsakiya, ƙafar dama ce a sake, wato babu nauyi a kanta. Juyin hagu daga wannan fuskar yake tashi, amma da ƙafar hagu. Saboda haka sai ka sa sauyin ƙafa a tsakani: dama gaba, hagu gefe da ɗan gaba kaɗan, dama ta haɗu. Babu juyi a ciki. Sannan juyin hagu: hagu gaba, dama gefe da sumuni biyu har ka ba kaikaicen bango baya, hagu ta haɗu da ƙarin sumuni ɗaya ka ba hanyar rawa baya, dama baya, hagu gefe tana nuna kaikaicen bango, dama ta haɗu jiki ya ƙarasa. Wani sauyin ƙafa da hagu, ka dawo inda ka fara. Gaɓa shida ke nan, taku 18, kuma da su kaɗai za ka iya zagaya kowane fili mai faɗi.

Ka lura da hikimar da ke ciki. Juyin dama daga kaikaicen bango yake tashi, na hagu daga kaikaicen tsakiya, kuma dukkansu a taku na 3 bayanka yana kan hanyar rawa, don taku na 4 ya tafi inda jama'a suke tafiya. A juyin dama, wanda ya gaza da sumuni ɗaya a nan, ya tsaya a biyu maimakon uku, takunsa na baya tsakiyar fili zai nufa ya tare wa wasu hanya. Ni kuskurena akasin haka ne, ina zarcewa a rabin farko, bayana ya koma kallon bango, shi ya sa muke ƙarewa a jikin taga.

Kwana

Nan ne ake gane wanda ya fahimci lissafin. Idan ka iso kwanar ɗaki, hanyar rawa da kanta tana karya hagu da rubu'i. Bangon da ke gabanka ya zama sabon bango na hannun dama, duk fuskoki takwas sun sauya suna. Abin da ke fitowa daga wannan ƙa'ida ce guda: in kana so ka ƙare a fuskar da ka saba ƙarewa, juyin dama a kwana ana rage masa sumuni biyu, juyin hagu kuma ana ƙara masa biyu. Ragewa ta fi ƙari sauƙi nesa ba kusa ba, don haka mai koyo ya shirya takunsa yadda juyin dama ne zai kai shi kwana.

Ga hanyoyi uku da za ka gwada, duk da juyin dama, taku 1 zuwa 3 suna kai ka cikin kwanar. Idan ka yi cikakken sumuni uku a rabi na biyu kamar kullum, fuskar da a da sunanta kaikaicen tsakiya yanzu ta zama kaikaicen sabon bango, ƙafar dama kuma a sake take, sai ka zarce da wani juyin dama ba tare da sauyin ƙafa ba. Wannan na fi so, yana da daɗi a jiki, kamar ruwa ya sami gangara. Idan ka yi sumuni biyu, ka fuskanci sabuwar hanya a miƙe. Idan ka yi ɗaya tak, ka fuskanci kaikaicen sabuwar tsakiya, sauyin ƙafa ya kai ka juyin hagu. Ka yi kowace sau goma a kwana ɗaya, ba kiɗa, kana faɗin sunan fuskar da baki kafin ka ɗaga ƙafa.

Yadda namiji zai sanar da mace cewa an rage juyi ba da hannu ba ne. Hannu riƙo kawai yake yi. A taku na 4 ake yanke shawara: gwargwadon yadda gefen jikinka ya karkata a wannan takun, gwargwadon juyin da za a samu. Karkata kaɗan, juyi kaɗan. Idan ka bari sai taku na 5 sannan ka tuna kana kwana, ka makara, abin da ya rage sai tura ta da hannu, ita kuma za ta ji shi a kafaɗa.

Juyin katantanwa

Sunan da muka ba shi ke nan saboda yadda ake murzawa a kan ƙafa ɗaya. Kada ka taɓa shi sai taku 18 ɗin can sun zauna. Taku 1 zuwa 3 na juyin dama ne, ka ba hanya baya. Taku na 4, ƙafar hagu baya, gajere, yatsu sun ɗan karkato ciki, sai ka murza a kanta rabin juyi cur, ƙafar dama tana nan a gabanka, cinya a matse, ba ta lilo. Yanzu kana fuskantar hanyar rawa. Taku na 5, nauyi ya koma kan dama tsakanin ƙafafun abokiyar rawarka, daga dunduniya ka tashi kan yatsu kana ci gaba da juyawa. Taku na 6, hagu gefe da ɗan baya, an ƙara sumuni uku. Jimlar 4 zuwa 6 sumuni bakwai, ka ƙare ka ba kaikaicen tsakiya baya, daga nan dama baya, ka shiga rabi na biyu na juyin hagu.

Wannan na gefen ɗaki ne. A kwana sai ka bi ƙa'idar ragewa: murza sumuni uku maimakon huɗu, ƙarashe biyu maimakon uku, jimla biyar. Za ka tarar ka ba kaikaicen sabuwar tsakiya baya, wato fuskar da ka saba, a sabon layi. Shawarata ita ce ka fara koyon na kwana tukun, ka yi wata guda a kansa kafin ka nemi bakwai ɗin. Akwai kuma wanda ake zarcewa har sumuni takwas a ƙare an ba hanyar rawa baya. Wannan na waɗanda suka daɗe ne, kuma sai macen ta iya riƙe kanta a hagu ba ta leƙo ba, domin kai yana da nauyi, da zarar ta waiwayo dama juyin ya mutu a hanya.

A wannan takun ƙasa da takalmi suna da magana. Takalmin roba yana kama tayil, ƙafa ta tsaya gwiwa ta ci gaba da juyawa, ciwon gwiwa daga nan yake farawa. Nemi mai tafin fata. Masu ɗinkin takalmi a kasuwa za su sa maka. Lokacin hunturu kuma ƙura tana kwanciya a kan tayil ta mai da shi santsi, sai a share a goge kafin a fara, a bari ya bushe sarai. Zani mai matse ƙafa ba ya barin mace ta miƙa taku baya, in taku ya gajarta juyi ma ya gaza, don haka doguwar riga mai faɗin ƙasa ko buje ya fi. Mu a watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, bayan sallar isha'i muke yi, rabin sa'a, da gorar ruwa a gefe. In wuta ta ɗauke ba ma fasawa, ƙirga da baki ma ya fi nuna inda kuskure yake.

Idan falon ƙarami ne, ko an cika

Yawancin falukanmu ba su kai a yi taku 18 a layi ɗaya ba. Zauren da muka koya mita tara ne a tsawo, shida a faɗi, kuma juyin dama ɗaya da sauyin ƙafa sun kusa cinye gajeren gefen. A irin wannan wuri ka rage tsawon taku, ka bar sumuni ukun yadda suke. In ɗakin bai wuce mita huɗu ba, to rage juyin ma: rubu'i a kowace gaɓa, gaba uku, baya uku, gaɓa huɗu ka dawo fuskar da ka tashi, kusan a wurin da ka tashi. Yana koya wa jiki aikin ciki da waje, amma kada ka zauna a kansa har ya zame maka jiki, domin ranar da ka shiga babban fili ba zai tafi da kai ko'ina ba.

A wurin biki kuwa, inda wasu ma'aurata za su tsaya cak a gabanka, akwai taku biyu da ke ceto. Na farko dakatawa: bayan taku 1 zuwa 3 na juyin dama, hagu baya, ka juya sumuni uku a kan dunduniyarta kana jawo dama ta sauka a gefe kaɗan, a bugu na 6 kuma hagu ta matso kusa da dama ba tare da ta karɓi nauyi ba. Ba a tashi kan yatsu. Kana kallon kaikaicen tsakiya, hagu a sake, ka ga fili da idonka kafin ka shiga juyin hagu. Na biyu shi ne sauyin ƙafa da kansa. A ƙa'ida ba shi da juyi, amma ana iya lanƙwasa shi da sumuni ɗaya don a kauce wa mutum ko a gyara fuskar da ta ɓaci. Maiɗakina takan ce mini a hankali, "Baban Ummi, akwai mutane a bayanka," domin ita take ganin inda ba na gani duk lokacin da na ba hanya baya. Wannan ma yana cikin aikin, mai fuskantar gaba shi ne idon su biyun.

Sauran raye-rayen wannan gida duk da wannan ma'auni ake karanta su. Wals ta Biyana, babban birnin Ostiriya, mai sauri, gaɓa 58 zuwa 60 a minti, rabin juyi take ci a kowace gaɓa, taku shida cikakken juyi, kuma a juyinta na hagu ƙafar hagu harɗewa take yi a gaban dama, namiji a taku na 3, mace a na 6, saboda haɗe ƙafa ba zai ba da rabin ba cikin wannan saurin. A kwikstep kuma, wata rawar ma'aurata mai sauri, takun farko da ake koya wa mutum rubu'i ne zuwa dama, daga fuskantar kaikaicen bango zuwa ba kaikaicen tsakiya baya, sannan a mayar da rubu'in zuwa hagu.

Ga gwajin da za ka yi a ƙarshen kowane mako. Tsaya a kan tayil guda, yatsu a kan layin kusurwa zuwa kusurwa. Rufe ido, yi taku shida na juyin dama kai kaɗai, hannuwa a ɗage kamar kana riƙe da mutum, kana ƙirgawa a hankali. Buɗe ido ka dubi ƙafafunka, kada ka gyara su. In suna kan layin kaikaicen tsakiya, ka yi haka sau biyar a jere, sannan ka kira abokiyar rawarka ku yi tare, ita ce za ta rufe ido wannan karon. In sun kauce, sa alli ka yi alama inda suka tsaya, ka koma ka tsaya a taku na 3 ka duba ko bayanka yana kan hanya, domin galibi daga can ɓarakar take tasowa.